Tambayoyi da amsoshi: yadda ilektiron masu gudu ke haifar da ƙaƙƙarfan eksire a tartsatsin rana

Tambayoyin nan su ne ɗaliban fiziks da masu sha'awar ilimin sararin samaniya suka fi maimaitawa in aka zo kan tartsatsin rana, shi yasa muka tara su wuri ɗaya. Na farkon masu sauƙi ne, daga ta 7 abin ya fara zurfi, wanda lissafi ke sa masa ciwon kai zai iya tsallake ta 8 ba abin da zai rasa sosai.

1. Wai shi tartsatsin rana ɗinnan meye ainihinsa?

Fashewa ce ta makamashi a sararin da ke saman rana, galibi a kusa da baƙaƙen tabon nan da ake gani a fuskarta, inda ƙarfin maganaɗisu ya taru ya murɗe. Cikin mintuna kaɗan zuwa awa guda babban tartsatsi zai iya sakin makamashin da ya kai jul (ma'aunin makamashi) 1 da sifili 25 a gabansa. Richard Carrington da Richard Hodgson a Ingila su ne suka fara ganin irinsa ranar 1 ga Satumba 1859, kowa a wurinsa daban, da farin haske suka gan shi don lokacin ba a ma san da eksire ba.

Don a gane sauran amsoshin sai an riƙe hawa uku na saman rana. Fotosfiya ita ce fuskar da muke gani. A samanta akwai kuromosfiya, kaurinta wajen kilomita 2,000, zafinta kamar digiri 10,000, kuma iskarta a cushe take. Sai korona can sama, zafinta ya wuce digiri miliyan 1 amma iskarta a warwatse take ƙwarai. Layukan maganaɗisu suna fitowa daga ƙasa su lanƙwasa cikin korona su koma ƙasa, wannan lanƙwasar za mu riƙa ce mata baka, inda ta taɓa kuromosfiya ta gefe biyu kuma mu ce ƙafafun baka.

2. Me ya raba ƙaƙƙarfan eksire da lallausa? Ba duk eksire ba ne?

Duk eksire ne, bambancin yana ga makamashin da kowane ƙwayar haske ɗaya, wato foton, yake ɗauke da shi. Ana auna shi da eV, dubunsa kuma keV. Foton ɗin hasken da ido ke gani eV 2 zuwa 3 ne kawai. Lallausan eksire yana ƙasa da keV 10, ƙaƙƙarfan kuma daga wajen keV 10 ko 20 har zuwa ɗaruruwa, in aka wuce nan an shiga hasken gama. Iyakar ba a zana ta da alƙalami ba, kowane marubuci da inda yake sa tasa.

Amma a rana bambancin ya wuce na lamba, asalinsu ne ma daban. Lallausan daga iska mai zafin digiri miliyan 10 zuwa 20 yake fitowa, yana tashi a hankali ya sauka a hankali. Shi ko ƙaƙƙarfan a farkon tartsatsin yake zuwa, fat-fat, wani bugun daƙiƙu kaɗan wani ma bai cika daƙiƙa ba, kuma ilektiron masu gudu ne ke haifar da shi.

3. To ta yaya ilektiron, wanda ba haske ba, zai haifi haske?

Ƙa'idar ita ce duk abin da ke da cajin lantarki in gudunsa ya canja ko ya karkata daga hanyarsa sai ya fitar da haske. Ilektiron, ƙaramin ƙwayar nan mai cajin lantarki da ke cikin atam, yana tafe a guje, sai ya gifta kusa da furoton (ƙwayar da ke tsakiyar atam) ko wani ayon (atam ɗin da ya rasa ilektiron), cajinsu ya saɓa don haka furoton ɗin ya fizge shi, hanyarsa ta lanƙwashe, wani kaso na makamashinsa ya fita a matsayin foton. Sunan abin a littattafai bremsstrahlung, mu a nan mu ce hasken birki. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe, foton ba zai taɓa fin ilektiron ɗin da ya haife shi makamashi ba, saboda haka duk inda aka ga foton mai keV 50 to tabbas akwai ilektiron mai aƙalla keV 50 a wurin.

Wanda ya taɓa ɗaukar hoton ƙirji a asibiti ya tsaya gaban wannan aikin. A cikin injin ana hanzarta ilektiron da wutar da ta kai wajen kilobolt 100, su daki wani ƙarfe da ake kira tungstin, su tsaya, eksire ya fito, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na makamashin zafi yake zama, shi yasa ake sanyaya injin. A rana kuromosfiya ce ke tsayawa a madadin ƙarfen.

4. Su ilektiron ɗin ina suka samo wannan gudun?

Daga maganaɗisun. Layukan maganaɗisu masu fuskantar saɓanin juna in aka matse su a korona sai su tsinke su sake haɗewa da wata sabuwar siffa, makamashin da ke ajiye a murɗewarsu ya kuɓuce, kaso mai yawa ya tafi wajen hanzarta ilektiron da ayon. Ilektiron mai keV 30 yana gudun kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun haske, wajen kilomita 100,000 a daƙiƙa kenan, mai keV 100 kuma ya ɗan wuce rabi.

Takamaiman abin da ke tura su ne har yanzu masana ke ja-in-ja a kai. Wasu sun fi karkata ga filin lantarki kai tsaye a wurin da layukan ke sake haɗewa, wasu ga hargitsin igiyoyin filasma, wato iskar da ƙwayoyinta ke da caji, da ke ta ƙara wa ilektiron gudu kaɗan-kaɗan, wasu ga bangon girgizar da ke samuwa inda iskar da ta fito daga wurin haɗewar ta daki saman baka. Akwai kuma masu cewa tsibiran maganaɗisu da ke tsukewa su ne. Babu mamaki duk suna aiki, kowanne a irin tartsatsinsa. Amsa ta 10 ta taɓo inda ake zaton abin ke faruwa.

5. In a korona aka hanzarta su, me yasa hasken ke fitowa a ƙasa wajen ƙafafun baka?

Saboda hasken birki sai da abin karo. A korona cikin kowane santimita kubik ƙwayoyi biliyan 1 zuwa 10 ne, wanda a ma'aunin ilektiron mai gudu kusan fili ne fetal, sai ya bi layin maganaɗisu ya gangaro cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ba tare da ya yi asarar kirki ba. Yana isa kuromosfiya cunkoson ya ninka sau dubu ko fiye, nan take sai karo a kan karo har ya tsaya. Wannan shi ne tsarin da ake kira na kakkauran bango, John Brown na Jami'ar Glasgow ya fitar da lissafinsa a 1971, kuma har yau a kansa ake fara koyarwa. Hotunan farko da suka nuna ɗigo biyu na ƙaƙƙarfan eksire a ƙafafu sun zo ne daga tauraron ɗan adam na Solar Maximum Mission a 1980.

Akwai wani abu mai daɗi a nan. Yawan iskar da ilektiron zai ratsa kafin ya tsaya yana tafiya ne da makamashinsa sau kansa, wato in ka ninka makamashin sau 2 sai ya ratsa ninki 4. Kenan ya kamata hasken keV 100 ya fito daga wuri mafi zurfi a kan na keV 20. Tartsatsin da ya faru a gefen faifan rana, inda ake hango shi ta kaikaice, an auna an ga haka ɗin ne, masu ƙarfin suna ƙasa-ƙasa.

6. Nawa ne daga makamashin ilektiron ke zama eksire, sauran kuma ina yake zuwa?

Kaɗan ne matuƙa, wajen kashi 1 cikin 100,000. Mafi yawan karon da ilektiron mai gudu ke yi da 'yan uwansa ilektiron na wurin ne, yana ta raba musu makamashi ba tare da wani eksire na a zo a gani ya fita ba, wannan kuma zafi ne. Kuromosfiya ba za ta iya fitar da wannan zafin da saurin da yake shigowa ba, sai ta kumbura ta yi sama da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa ta cika bakan da iska mai digiri miliyoyi, wannan iskar ce ke ba da lallausan eksiren da aka yi magana a amsa ta 2.

Shi yasa in ka ɗora jadawalin biyun za ka ga lallausan yana hawa da sauri daidai lokacin da ƙaƙƙarfan ke bugawa, yana kaiwa ƙololuwa kuma lokacin da ƙaƙƙarfan ya ƙare. Werner Neupert ne ya fara lura da wannan alaƙar a 1968, shi da igiyoyin maikurowef ya kwatanta, daga baya aka ga ta a eksire. Ba kowane tartsatsi ne ke bin ta ba, amma da yawa suna bi. To kun ga ƙaƙƙarfan eksire shi kansa ba wani makamashi ne da shi ba, darajarsa ita ce shi ne shaidar da ke faɗa mana yawan ilektiron da ƙarfinsu, kuma lissafin Robert Lin da Hugh Hudson tun shekarun 1970 ya nuna ilektiron ɗinnan na iya ɗaukar kashi 10 zuwa 50 cikin 100 na makamashin tartsatsin gaba ɗaya.

7. Malam, ta ina aka san ba zafi ne kawai ya haifar da shi ba? An taɓa ganin ilektiron ɗin?

Ba wanda ya taɓa ganinsu suna gangarowa, daga haskensu ake gano su, don haka tambayar a kan hanya take, kuma a shekarun 1970 an yi muhawara sosai a kanta. Hujja ta farko siffar hasken ce. Iska mai digiri miliyan 20 matsakaicin makamashin ƙwayoyinta bai kai keV 3 ba, haskenta yana faɗuwa warwas da an wuce keV 20 ko makamancin haka. Amma abin da ake gani shi ne wata doguwar jela da ke sauka a hankali har keV 100 ko fiye, irin wadda in aka zana ta a takardar logaridim take miƙewa sambal.

Ta biyu lokaci ne. In ilektiron daga sama suka taso tare, masu gudun za su riga isa, kenan bugun haske mai ƙarfi ya kamata ya riga mai rauni da ɗan kaɗan. Markus Aschwanden da abokan aikinsa sun auna wannan a tsakiyar shekarun 1990 da na'urar BATSE da ke kan wani tauraron ɗan adam, suka sami tazarar milidaƙiƙa goma-goma zuwa ɗari, kuma nisan da lissafin ya bayar ya nuna wurin tasowar yana ɗan sama da ƙololuwar baka. Ta uku, ƙafafu biyun da ke nesa da juna da dubban kilomita suna haskawa kusan lokaci ɗaya, zafi da ke tafiya a hankali ba zai iya wannan ba. Ni a wurina ta biyun ce ta fi gamsarwa.

8. Yaya ake komawa daga hasken a gano yawan ilektiron?

Jelar nan ta amsa ta 7 ana siffanta gangarenta da lamba ɗaya, gamma, galibi tsakanin 3 da 6. In gamma 4 ce, ninka makamashin foton sau 2 yana rage yawansu sau 16. A tsarin kakkauran bango gangaren ilektiron ɗin da aka zubo, delta, gamma ce a ƙara 1, wato 5 a wannan misalin. In kuma ilektiron ɗin wucewa kawai suka yi ta siririyar iska ba su tsaya ba, delta gamma ce a cire 1. Ɗalibai suna yawan rikita biyun a jarrabawa, a kula. Ana kuma ganin gamma tana raguwa lokacin da bugun ya kai ƙololuwa ta sake ƙaruwa bayansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasan jelar. Tunda masu ƙaramin makamashi sun fi yawa nesa ba kusa ba, jimillar ta dogara ne da inda jelar ta fara, wurin kuma hasken iska mai zafi ya rufe shi. Da delta 5, in ka ce daga keV 10 ta fara maimakon 20, makamashin da za ka lissafo ya ninka sau 8. Sannan akwai hasken da ya nufi ƙasa ya daki fotosfiya ya dawo, yana ƙara wani tudu a wajen keV 30 zuwa 40, dole a cire shi kafin lissafi. Don haka duk lambar makamashin da kuka gani a takarda ku fara duba inda marubucin ya yanke jelarsa.

9. Me yasa a hotuna ƙafa ɗaya ke fin ɗayar haske?

Inda maganaɗisu ya fi ƙarfi layukan suna tsukewa, ilektiron da ke tafe yana juyi a jikin layin sai tsukewar ta mayar da shi baya kafin ya kai ga cunkoson. Ƙafar da maganaɗisunta ya fi rauni ita ta fi barin su shiga, ita ta fi haske a eksire. Bayanan tauraron Yohkoh na Japan sun nuna haka a tartsatsi da dama, duk da akwai waɗanda suka saɓa. Waɗanda aka mayar baya suna maƙalewa cikin baka suna fitar da maikurowef, shi yasa ake haɗa hoton eksire da na rediyo.

10. Kenan ba a taɓa ganin ƙaƙƙarfan eksire a korona ba?

Ana gani, yana da rauni ne kawai kuma hasken ƙafafu yana danne shi. Wanda ya fi shahara shi ne na 13 ga Janairu 1992, Satoshi Masuda ya gano shi a bayanan Yohkoh aka buga a 1994, ɗigo na uku a saman ƙololuwar bakan da ke haske da lallausan eksire, ba a cikinta ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa sake haɗewar maganaɗisu a sama take faruwa. Dabarar da ake yi yanzu ita ce a nemi tartsatsin da ƙafafunsa suka ɓuya a bayan gefen rana, sai saman kaɗai ya bayyana. Akwai ma bakan da iskarsa ta cushe har ilektiron ke tsayawa tun a korona, ƙafafun su zama kusan babu.

11. An ce tsarin kakkauran bangon yana da matsala, wace ce?

Matsalar yawa. A babban tartsatsi lissafi yana neman ilektiron 1 da sifili 36 a kowace daƙiƙa masu sama da keV 20. Bakan da ke ɗauke da ilektiron 1 da sifili 37 gaba ɗaya zai ƙare kenan cikin daƙiƙa 10, alhali abin yana ɗaukar mintuna. Kuma wannan kwararar wutar lantarki ce da ta wuce amfiya 1 da sifili 17, wadda ba za ta iya tafiya ita kaɗai ba, dole ilektiron na wurin su riƙa hawowa a hankali suna cike gurbi, wannan komawar kuma tana rage wa masu gangarowa ƙarfi tana dumama bakan. Da hotuna suka ƙara kyau aka ga ƙafafun ƙanana ne fiye da zato, sai cunkoson kwararar ya ƙara zama abin tambaya.

Lyndsay Fletcher da Hugh Hudson a 2008 sun kawo shawarar cewa wataƙila igiyoyin Alfvén, wato girgizar da ke bin layukan maganaɗisu, su ne ke kai makamashin ƙasa a hanzarta ilektiron a can kusa da kuromosfiya. Wasu sun ce ana sake hanzarta ilektiron ɗaya sau da yawa, don haka ba a buƙatar masu yawa haka. A ganina tsarin Brown bai faɗi ba, ma'aunin lokacin nan na amsa ta 7 yana tare da shi, amma wanda ya ɗauke shi tamkar an gama magana ya yi gaggawa.

12. Da me ake ɗaukar hoton, tunda eksire ratsa madubi yake?

Farko dai sai an fita daga iskar duniya don tana shanye shi. Laurence Peterson da John Winckler na Jami'ar Minnesota su suka fara kama shi da balan-balan ɗin bincike a sararin Kuba ranar 20 ga Maris 1958. Hoto kuma da inuwa ake yinsa. Tauraron RHESSI na NASA, wanda aka harba 5 ga Fabrairu 2002, yana da na'urorin jamaniyam 9, kowace da raga biyu a gabanta, tauraron yana juyawa sau ɗaya duk daƙiƙa 4, hasken yana ɓuya yana bayyana ta ragar, kwamfuta ta haɗa hoton daga wannan ƙyaftawar. Ya yi aiki har 2018, ya faɗo ta sararin hamadar Sahara a Afrilun 2023. Raunin dabarar shi ne ɗigo mai haske sosai yana ɓoye mai rauni, matsalar amsa ta 10 kenan.

Yanzu akwai na'urar STIX a kan tauraron Solar Orbiter da aka harba a 2020, tana auna keV 4 zuwa 150, da HXI a tauraron ASO-S na Sin tun 2022, da HEL1OS a Aditya-L1 na Indiya tun 2023 wanda shi ƙarfin haske yake aunawa ba hoto ba. Rokar gwaji ta FOXSI kuma tana amfani da madubai na musamman da hasken ke gogar jikinsu a kaikaice.

13. Furoton fa, su ba sa gudu?

Suna yi, amma sun fi ilektiron nauyi sau 1,836 don haka hasken birkinsu ba ya taka kara ya karya. Su ta hasken gama ake gane su, in sun daki ƙwayoyin atam, musamman layin MeV 2.223 (wato haske mai keV 2,223) da ke fitowa in haidurojin ya kama niyutiron, ƙwayar atam marar caji. A tartsatsin 23 ga Yuli 2002 RHESSI ya ɗauki hoton wannan layin karo na farko, sai aka ga wurinsa ya kauce daga na ilektiron da wajen kilomita 14,000.

14. In aka ce tartsatsi ajin X ne, ƙaƙƙarfan eksiren ake nufi? Kuma yana cutar da mu?

A'a, ajin A, B, C, M da X da lallausan eksire ake yinsa, taurarin GOES na Amurka ke aunawa, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau 10. Na 4 ga Nuwamba 2003 ya fi ƙarfin na'urar ma, aka ƙiyasta shi X28. Tartsatsi biyu masu aji ɗaya za su iya bambanta sosai a ƙaƙƙarfan eksire.

Mutumin da ke ƙasa ba abin da zai same shi, iska ta tare. Abin da ke faruwa shi ne minti 8 da 'yan daƙiƙu bayan fashewar hasken ya iso ya caje ƙasan ayonosfiya, wato saman iskar duniya mai caji, wajen kilomita 60 zuwa 90 a sama, sai wurin ya riƙa shanye igiyoyin rediyo na megahaz 3 zuwa 30 a ɓangaren duniyar da ke da rana. Mai sauraron tashar gajeren zango a Kano ko Damagaram da tsakar rana zai iya jin ta ɗauke na mintuna ko sama da awa ta dawo da kanta, kuma yawancin wannan aikin lallausan eksiren ne. Ilektiron ɗin da suka kuɓuce ta buɗaɗɗun layuka suka yo sararin samaniya kuwa 'yan kaɗan ne in aka gwada da waɗanda suka gangara, galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100, taurarin ɗan adam suna kama su kai tsaye bayan mintuna goma-goma.